Jiran Sakamakon Jini

Wanda duk ya taɓa jinyar ɗan'uwa a ɗakin kulawa ta musamman ya san ba kullum ciwon da ya kai mutum can ne ke zama ajalinsa ba. Kayan da aka sa don ceto rai, wato robar da ake zurawa cikin babbar jijiya, da ta fitsari, da bututun numfashi, su ne kuma ƙofofin da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga jini. Idan suka shiga, sai zazzaɓi ya tashi, ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda ta fara gazawa.

Lokacin da kawuna ya kwanta bayan haɗarin mota, abin da ya fi damuna shi ne jira. An ɗebi jininsa, aka ce sai an rena ƙwayar cutar a ɗakin gwaji kwana biyu ko uku kafin a san sunanta da maganin da take ji. Cikin kwanakin nan likita lalube yake yi, mu kuwa muna sayen allura da kuɗin rance. Da sakamako ya fito, ashe Klebsiella ce, irin wadda ta bijire har wa magungunan carbapenem da ake ajiyewa don ranar wuya. Dole aka koma ga colistin, tsohon maganin da likitoci suka jingine tun shekarun 1970 saboda yana ɓata ƙoda. Kawu ya tashi, amma da ƙyar.

A ganina, ba a asibiti kaɗai wannan taurin kai ya samo asali ba. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a Landan a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin da bai kai ƙima ba koya wa ƙwayar cuta juriya yake yi. To, mu nan kafso biyu muke saye a kemis don mura, ko a hannun mai talla a tasha, da mun ji dama-dama mu daina. Kaji ma ana ɗura musu a ruwan sha.

Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina asara.