Ina Kalangun Ya Tafi?

Wannan makon ku yi mani afuwa, ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba. Wani ɗan abu ne ya faru da ni a gida, na ga ya dace in ba ku, ko wani zai tsira da kuɗinsa.

Tun ina ɗan sakandare ba na iya rubutu sai da kiɗa a gefe. Littattafaina na farko duk a gaban wata rikoda mai cin kaset na rubuta su, wadda sai an soka mata tsinken ashana kafin ta juya. Da zamani ya sauya na koma kwamfutar tafi-da-gidanka, sai na saba da 'yar muryar da ke fita daga cikinta, ban taɓa jin wani abu ya ragu ba. Baba ne ya tona asirin.

Mahaifina ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas, kuma a duk tafiyar nan Shata ne abokin hirarsa. Bara idonsa ya yi rauni, kunnen ma ya fara nauyi, na ɗauko shi ya dawo wurina. Wani dare ina rubutu ya lallaɓo ya zauna a kan tabarma kusa da tebur, sai na ce bari in faranta masa, na kunna masa Bakandamiya. Ya saurara kamar minti biyu, sannan ya ce, "Kai, wannan wane yaro ne yake kwaikwayon Alhaji?" Da yake ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba. Na ce, "Baba, ai shi ne da kansa." Ya girgiza kai ya ce, "To ina kalangun ya tafi?" Ya tashi ya koma ɗakinsa.

Maganar nan ta tsaya mani a rai. Shata ya rasu tun 1999, abokan tuƙin Baba kusan duk sun bi shi, ido ya tafi, abin da ya rage masa na duniyarsa ta dā shi ne wannan murya. Ga shi ni da nake taƙama da zamani na kasa kawo masa ita yadda ya san ta.

A lokacin akwai naira dubu 70 da ta shigo mani daga masu sayen littafina ta waya. Uwargida ta riga ta yi wa kuɗin lissafi, domin hutun yara ya kusa ƙarewa. Na ce mata rabi kawai zan taɓa. Ta ce, "Baban Ummi, sifika za mu ci?" Ban tanka ba, domin tana da gaskiya.

Na shiga kasuwa da ƙarfin gwiwar wanda bai san komai ba. Yaron shago ya nuna mani wata mai ƙananan sifiku biyu da ƙatuwar wufa da ake ajiyewa a ƙasa, fitilu ja da shuɗi sai walƙiya suke, a jikin kwalin an rubuta wat 3000 da manyan baƙaƙe. Ya saka wata waƙar zamani, gilashin shagon ya hau rawa. Ya ce, "Alhaji, wannan ko biki za ka yi ta ishe ka." Na biya dubu 35 na taho ina murna.

A gida kuwa ta ba ni kunya. Kalangu ya dawo, amma ya dawo kamar ana buga ganga a cikin rijiya, gum-gum-gum, ba ka bambance bugu da bugu. Muryar Shata ta koma can baya, 'yan amshi suka cakuɗe. Baba ya ce, "Yanzu kuma ga ƙara, babu magana." Na saka Ɗan Maraya Jos, kuntigin nan mai tsirkiya ɗaya ya fito kamar ana kaɗa cokali a gwangwani. Kwana uku na sayar wa wani mai aski a unguwarmu a kan dubu 20, shi kuwa ta yi masa daidai.

Wanda ya buɗe mani ido wani dattijo ne mai gyaran rediyo, wanda tun zamanin kaset nake kai masa aiki. Da na ba shi labari ya yi dariya har da tari. Ya ce wat ɗin da ake rubutawa da PMPO na talla ne, wanda ake dubawa shi ne RMS, wato ƙarfin da sifika ke iya riƙewa a kai a kai. Ya ce in na rasa gane gaskiya in juya bayanta in karanta wutar da take ja, domin abin da ke cin wat 30 daga soket ba zai yi ta fitar da 3000 ba. Ya ƙara da cewa kunnen tsoho siraran sautuka yake fara rasawa, su ne kuwa ke rarrabe kalmomi, don haka in aka cika masa kauri sai ya danne ɗan abin da yake ji. Abin da Baba ke bukata shi ne tsakiyar sauti, inda muryar mutum take, ta fito tas. Sannan ya ce in ɗaga sifika in ji nauyinta, in ƙwanƙwasa jikinta. Akwatin katako mai kauri ba ya yin zuga irin ta siririyar roba.

Na koma, wannan karon ta Beirut Road, da dubu 55 a aljihu, wato har da rabin da na yi alkawarin ba zan taɓa ba. Na tafi da waƙoƙina uku a waya: Shata saboda kalangu, Ɗanƙwairo saboda kotso da taron 'yan amshi, sai Barmani Choge saboda ƙwarya da muryar mace. Mai karatu, in ka manta da komai kada ka manta da wannan: kar ka yarda a gwada maka sifika da waƙar mai shago, kuma ka sa a rage ƙara zuwa yadda za ka saurara a ɗakinka. Da ƙarfi kowace sifika jaruma ce.

Na ga Edifier R1280T sabuwa, akwatin katako, wat 42, na saurara na yaba, na ji kuɗin na ajiye ta a hankali kamar ƙwai. Na ga Creative Pebble, 'yan dunƙulallu masu shan wuta ta USB. Waɗannan sun ja hankalina ƙwarai, domin ko an ɗauke wuta batirin kwamfuta zai riƙe su, kuma kowa ya san halin da muke ciki. To amma tsohuwar kafar USB wat biyu da rabi kacal take bayarwa, sifikar kuma inci biyu ce. Murya ta fito da kyau daidai girmansu, sai dai kalangu yana son wuri. Na daɗe a tsaye ina auna wa kaina: wadda za ta yi magana kullum a hankali, ko wadda za ta yi magana sosai sai ran da aka ga dama aka kawo wuta?

A wani lungu na samu 'yan Kwatano guda biyu, katako, inci huɗu, gefen ɗaya ya ɗan ɓantare. Na tuna gargaɗin dattijo na duba baya, domin kayan da aka yi don Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 230, in ka soka kai tsaye sai hayaƙi. Waɗannan 220 zuwa 240 aka rubuta. Na murɗa maɓallin ƙara sama da ƙasa ban ji ƙaraf-ƙaraf ba, na saurari kowace ita kaɗai. Da Ɗanƙwairo ya shigo na ji 'yan amshinsa a jere, ba a dunƙule ba. Muka yi ciniki ya tsaya a dubu 52, da sharaɗin in dawo da su cikin kwana biyu in sun ba da matsala.

A gida na ɗora kowace a kan tsofaffin littattafaina da ba su sayu ba, ga su nan dami-dami, ashe suna da rana. Na janye su kamar taƙi ɗaya daga bango, na karkato su suna duban kujera, na zaunar da Baba a tsakiya yadda za su yi daidai da kunnensa. Shuuu ɗin tsohon kaset ma ya fito, domin sifika mai kyau ba ta rufa wa ɗauka asiri. Baba bai damu da shi ba. Ya yi shiru, sai na ga yatsunsa suna bugun gwiwarsa. Can ya ce, "A Jebba na fara jin wannan, muna jiran a buɗe gada." Ya shiga ba ni labarin wani yaron motarsa da ban taɓa ji ba, har uwargida ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Ba mu kai ƙarshen waƙar ba aka ɗauke wuta. Baba ya ce in bar shi a kujerar, zai jira. Kuɗin makarantar yara kuwa sai da na ranta a wurin ƙanena, kuma har yau da saura dubu 10 ban biya ba.