Mama Mai Makala, Uwar da Ta Riƙe Ni

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka yi wa wata tsohuwa addu'a a cocin Notre-Dame des Victoires da ke New Bell, sa'an nan aka ɗauki gawarta zuwa ƙauyensu kusa da Bafusam. Wani abokina ya hango ni cikin masu rakiya da hula da babbar riga, ya ce, "Malam, me ya kai ka?" Ban amsa masa a nan ba, amma ga amsar yanzu.

Kowa ya san New Bell unguwar baƙi ce tun asali. Jamusawa ne suka kafa ta lokacin da suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, har suka rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a 1914 saboda ya ƙi yarda. Daga baya Hausawa da Bamileke da Basa suka cika ta. Gobarar unguwar Kongo ta 1960 ta cinye gidan kakana, shi ya sa na tashi a gidan haya, ɗakinmu yana jikin na wannan mata Bamileke. Mama Mai Makala muke ce mata, domin sana'arta ke nan, suyar makala da dafa wake.

A 1991, lokacin yajin da ya rufe garin nan, naƙuda ta kama mahaifiyata da dare, ga shi babu mota ko ɗaya a titi. Mama ce ta samo amalanke, ita da babana suka tura har asibiti. Allah bai yi za ta tashi ba. Ina da shekara 11, ƙanwata tana da 6. Babana yana wuni a kasuwar Kongo, sai Mama ta haɗa mu da 'ya'yanta shida.

Ƙarfe huɗu take tashi ta hura wuta. Da ladan ya kira asuba sai ta buga ƙofa ta ce da ni cikin gurɓatacciyar Hausarta, "Tashi, Allah yana jira." Sai ta ga na yi alwala sa'an nan ta ɗauki carbinta ta tafi cocin safe. Ruwan Agusta na Duwala, wanda yakan mayar da lungunanmu rafi, bai taɓa hana ta ba. Ta sayi tukunya dabam dominmu, kuma ba ta sa mana nama sai na mahautan Hausawa. Da azumi ita take dama mana kunun sahur. Ranar da na gudu daga makarantar allo na tafi ƙwallo, da kunne ta ja ni har gaban malam.

Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, jarin babana ya karye. Kwasar adashinta ta wannan shekara ce ta biya kuɗin makarantata. Ba don haka ba, da ban kai kwalejin horon malamai ba, balle in riƙe alli yau. Ranar sunan 'yata ta fari kuwa ta zo da kabarta ta ƙungiyar matan coci, ta zauna cikin gwaggonnina, tana cewa an ƙara mata jika.

Bayan na girma na tambaye ta dalilin da ba ta taɓa kai ni coci ba ko sau ɗaya. Ta ce, "Ɗana, uwarka ta bar mini kai da addininka. Amana yadda aka ba ka ita haka kake mayarwa." Ashe tsoron Allah da yake kai ta coci kullum shi ne ya sa ta tsare mini sallata.

To, abokina, abin da ya kai ni ke nan. Addinin da ta hana ni wasa da shi, shi ne ya koya mini haƙƙin maƙwabci da na wadda ta rene ka. 'Yan'uwa masu karatu, wanda yake da irin wannan uwa a lungunsu, ya je ya gaishe ta tun tana ji. 'Ya'yanta da jikokinta kuwa, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.