Kunnen Bakanike

Idan mota ta ƙi tashi da sanyin hunturu, gogaggen bakanike ba ya gaggawar ɗaukar sifana. Yakan ce a murza makulli, shi kuma ya kasa kunne.

In ya ji ƙas-ƙas kawai, batir yake fara zargi. Lafiyayyen batir kan nuna volt 12.6 idan mota na kashe, sanyi kuma na rage masa ƙarfi. Sau da yawa ma batirin ƙalau yake, farin garin da ya taru a kawunansa ne ya tare wuta. A kankare, a ɗaure, shi ke nan. Abin tausayi, wasu sun riga sun sayi sabo.

In kuwa injin na juyawa bai kama ba, sai ya saurari kukan famfon mai, sannan ya kwance fulogi.