Harafin da Murasaki ta ce ba ta sani ba

A rubutun Sinanci babu harafi mai sauƙi kamar na “ɗaya”: zane guda ne a kwance. Amma Murasaki Shikibu, wadda ta yi hidima a fadar sarkin Japan a farkon ƙarni na 11, ta faɗa a littafin da take rubuta al'amuran rayuwarta cewa takan nuna kamar ko wannan harafin ba ta iya ba. Alhali tun tana yarinya takan saurari ɗan uwanta yana karatun littattafan Sin, har ta riga shi ganewa, mahaifinsu kuwa ya yi takaicin da ba namiji ba ce.

Wannan ɓoyo yana da asali. Japan ta daɗe tana tura jakadu ƙasar Sin. Dokokin Taiho na 701 an gina su kan na daular Tang, birnin Nara na 710 kuma an zana shi bisa fasalin Chang'an. Doka da tarihi da takardun hukuma duk da Sinanci ake rubuta su, ma'aikatan kuwa maza ne. (Jarrabawar ɗaukar ma'aikata ma an aro ta, sai dai haihuwa ta rinjaye ta: ƴaƴan manya kan gaji muƙami.) Macen da ta nuna ta iya Sinanci ta shiga gonar da ba tata ba, sai ta zama abin tsegumi.

Abin da ya fi jan hankalin ɗalibin harshe shi ne yadda harsunan biyu ba su dace ba ko kaɗan. Kalmar Sinanci ba ta sauya siffa, kuma aikatau kan zo kafin karɓau. A Japananci aikatau na ƙarshen jimla, yana jan ɗafa-ƙeya bayan ɗafa-ƙeya. O no Yasumaro, wanda ya tsara Kojiki a 712, ya koka da haka a gabatarwarsa: in an bi ma'anar haruffa, magana ba ta kai inda ake nufi, in an bi sautinsu kawai, rubutu ya yi tsawo. Har yau harafin “dutse” yana da karatu biyu, san na aro da yama na gida.

Mafita ta fito daga bin sautin. Aka riƙa ɗaukar harafi don gaɓa ɗaya, a jefar da ma'anarsa. Saurin hannu ya narkar da 安 ya zama あ, malaman addinin Buda kuma suka gutsuro gefen 伊 suka sami イ don alamta karatu a gefen littafi. Na farkon, hiragana, aka kira shi “hannun mata”, suna mai ɗauke da raini. Da Ki no Tsurayuki ya so rubuta labarin tafiyarsa daga Tosa da shi wajen 935, sai ya fake da muryar mace.

Da wannan hannun da aka raina Murasaki ta rubuta Labarin Genji, kuma tun babinsa na farko ana jin inuwar waƙar Bai Juyi, mawaƙin Tang. Waƙoƙin wannan mutumin ne take koya wa sarauniya Shoshi a asirce, idan sun tabbata babu mai ganinsu.