Fiyano Ba Ta San Matsa Tsarkiya Ba

Jama'a, tun bayan fitowar fim ɗin Sangaya a 1999 fiyanon Yamaha ta mamaye kiɗan finafinanmu. Ni kuwa da na tashi a cikin badala, kunnena bai taɓa gamsuwa da kalangun da ke cikinta ba. Sai da na fara karance-karance a kan na'urar haɗa sauti da Robert Moog ya fito da ita a Amurka a 1964 na gano dalili.

Ita wannan na'ura gunduwa-gunduwa take, da wayoyi ake jona sassanta. Akwai osileta, wato uwar sauti, wadda ke karkarwa ta haifar da amo. In karkarwar ta yi sauri amon ya yi siriri, in ta lafa ya yi kauri. Sai filta, rariya ke nan, mai tace amon ta rage masa kaifi. Babu kiɗan da aka ajiye a ciki. Da hannunka za ka murɗa har ka samu naka.

To ai mun san wannan aiki! Makaɗin mahauta in ya matsa tsarkiyar kalangu a hammata, fatar ta ɗaure, murya ta hau. Ya sassauta ta sauka. Shi ya sa kalangu ke magana. A gidanmu kuma, ranar suna, goggona kan buga shantu a cinya tana rufe bakinsa da tafi tana buɗewa, amon na dushewa yana washewa. Ga uwar sauti, ga rariya, ba wutar lantarki.

Kalangun fiyano kuwa murya ce daskararriya, ka danna sau ɗari, abu guda za ka ji. Yaron da ya tashi da ita zai ɗauka kalangun ke nan, alhali makaɗan da suka san sirrin tsarkiya sai tsufa suke yi.

Ba na ƙin na'ura. Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗan gargajiya da ogan na lantarki tun 1978, har aka sake fitar da shi a 2013 duniya ta saurara. Roƙona ga 'yan situdiyonmu shi ne su zauna da makaɗan nan tun suna raye, su koya wa na'ura lanƙwasa murya. Allah ya sa a ji.