"Da Sauƙi" Ba Ma'auni Ba Ne

Ɗan kawuna soja ne. Ya taka nakiya a dajin Borno, aka yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Bayan doguwar jinya a Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna, ya dawo gidanmu na gado a cikin birni, kusa da Ƙofar Mazugal, da ƙafar roba. Duk wanda ya zo dubiya ya ce masa ya jiki, amsarsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Haka ya yi ta faɗa, har ranar da ya faɗi a bakin kwata yana hanyar masallaci da asuba.

Ni mai harhaɗa magunguna ne, kullum cikin lissafin miligiram nake, amma ban taɓa kawowa a raina cewa tafiya ma ana auna ta ba, sai da na raka shi Asibitin Ƙashi na Dala. Likitan gashin ƙashi ya zaunar da shi a kujera, ya ce ya tashi, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, shi kuwa yana duban agogo. Daga nan ya sa shi kai da kawowa a baranda na minti 6, ya rubuta nisan da ya ci. Awo na farko yana nuna haɗarin faɗuwa, na biyu kuma juriya, domin mai ƙafar roba ya fi mai ƙafa biyu kashe ƙarfi a kowane taku, musamman idan yankan ya haura gwiwa.

Muka ci gaba da awon kujera a zaurenmu, safe da yamma, ina rubutawa a littafi. Cikin mako guda na lura cewa da safe yakan ɗauki sakan 19, da yamma kuwa 13. Na ce, "Yaya, me kake sha da daddare?" Ya yi shiru, sannan ya ciro kwalin pregabalin. Ashe ƙafar da aka yanke ce take masa zugi kamar tana nan, shi ne ya ninka abin da aka rubuta masa, yana saye a kemis. Wannan magani yana sa jiri da magagi, kuma ba a daina shi farat ɗaya. Kunya ta kama ni: gida ɗaya muke kwana, sana'ata ce, amma ban tambaya ba. Muka koma wurin likitansa, aka rage masa a hankali, awon safe ya sauko.

Soja an horar da shi ya haɗiye ciwo, Bahaushe kuma an raine shi da kawaici. Idan biyun suka haɗu a mutum ɗaya, bakinsa ba zai gaya muku gaskiyar jikinsa ba. Saboda haka, ku iyalai, ku tanadi littafi. Ku auna a wuri ɗaya, da kujera ɗaya, wani yana tsaye kusa da shi. Ku rubuta lokaci da duk maganin da ya sha. Ku lura da abin da barandar asibiti ba ta da shi: lungu mai gargada, dokin ƙofa, tashi daga tabarma. Ranar ganin likita, ku tafi da littafin.

Yanzu Yaya yana zuwa asuba shi kaɗai. Har gobe "da sauƙi" yake cewa, sai dai nakan duba littafin kafin na yarda.