Mai sayen injin buga takarda ya fara tambayar abincinsa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yanzu ba a rabuwa da takarda. Mai kai ɗansa lekol, sai an ce ya kawo fotokopin takardar haihuwa. Mai neman taki ta hanyar koperatif, sai an nemi fotokopin katinsa na ɗan ƙasa. Mai biɗar wani abu a ma'aikatar magajin gari, sai ya kai wasiƙa. Sau da yawa kuɗin mota zuwa birni ya fi kuɗin takardar nesa ba kusa ba. Saboda haka samari da ƙungiyoyi suke buɗe ƴan shagunan buga takarda a garuruwan kasuwa. Sana'a ce mai kyau, amma wanda ya zaɓi injin da bai dace ba, jarinsa ne zai tafi.

A wani gari na jihar Maradi akwai wani saurayi da ya yi karatu har koleji, ya dawo gida ba aiki. Ya ga mutanen garinsu suna wahala a kan takarda. Ya yi shawara da mahaifinsa, tsohon ya sayar da sa guda ya ba shi jari. San nan na huɗa ne, ba na kiwon banza ba. In jarin ya lalace, gidan ya rasa sa, ya kuma rasa sana'a.

Saurayin ya tafi Maradi kallon injuna. Ya dawo da murna, ya ce:

"Baba, na samu mai araha. Jika 40 kawai. Sauran duk sun wuce jika 100."

Tsohon bai san kwamfuta ba, amma ya daɗe yana sayen dabbobi. Ya ce:

"To, yaro, me yake ci?"

"Tawada yake sha, Baba, da takarda, da wuta."

"Nawa ne tawadar? Kwana nawa take yi? In ya yi ciwo wa ke yi masa magani?"

Saurayin ya yi shiru. Ko ɗaya bai tambaya ba. Tsohon ya ce: "Koma ka tambayo. Ba a sayen doki sai an san kuɗin dawa."

Ya koma birni. Wannan karo bai fara da shagon mai sayarwa ba. Ya je wurin wani mai gyaran injuna, ya gaishe shi, ya ce: "Malam, ilimi na zo nema." Mai gyaran ya zaunar da shi, ya nuna masa cewa injunan da suka dace da ƙaramin shago iri uku ne.

Na farko shi ne mai ƴan akwatunan tawada, waɗanda ake kira kartush. Shi ne mafi araha wurin saye. Amma kartush ƙarami ne, da yawa ba su wuce shafi 120. In ya ƙare sai a sayi sabo. Wanda ke zuwa tare da sabon inji ma sau da yawa ba a cike yake ba.

Na biyu shi ne mai tanki. Ana sayen tawada cikin kwalba, a ɗura masa kamar yadda ake zuba wa babur mai. Kamfanin Epson ya fara sayar da irinsa a ƙasar Indonesiya a shekarar 2010. Daga baya Canon da HP su ma suka yi nasu. Akwai kwalbar baƙar tawada ta Epson mai mililita 65, wadda kamfanin ya ce tana buga shafi 4,500.

Na uku shi ne wanda ake kira leza. Shi ba ya shan tawadar ruwa. Wani baƙin gari yake ci mai suna tona, sai zafi ya manna garin a jikin takarda. Yana da sauri, rubutunsa kuma ba ya jin tsoron ruwa. Wani akwatin tona na HP da aka sani ƙwarai, mai lamba 85A, an ƙiyasta masa shafi 1,600.

Mai gyaran ya ƙara da gargaɗi. Waɗannan lambobi an auna su ne da shafi mai rubutu kaɗan. Katin da ke da hoto da wuri mai duhu ya fi shan tawada. Don haka mai hankali ba ya sa rai da lambar duka.

Saurayin ya zagaya shaguna, ya rubuta farashi cikin kayensa. Da dare ya shimfiɗa tabarma, ya yi lissafi a gaban mahaifinsa. Ga misalin lissafin. Farashi yana hawa yana sauka, kowa ya sa na ranar da ya tambaya.

Bandir ɗin takarda, wato ram, warƙa 500 ne. In ram jika 4 ne, kowace warƙa ta tashi tamma 8.

Kartush jika 9, shafi 120. In an raba 9,000 gida 120, kowane shafi ya ci tamma 75. Da takarda, tamma 83.

Kwalbar tawada jika 9, shafi 4,500. Kowane shafi ya ci tamma 2. Da takarda, tamma 10.

Akwatin tona jika 16, shafi 1,600. Kowane shafi ya ci tamma 10. Da takarda, tamma 18.

Mutane kuwa dala 5 suka saba biya a kan shafi, wato tamma 25. Ke nan mai kartush yana faɗuwa da tamma 58 a kowane shafi. Duk ranar da ciniki ya yi kyau, ranar ce asararsa ta fi yawa. Mai leza yana cin ribar tamma 7. Mai tanki yana cin tamma 15.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce: "Ashe mai arahar nan shi ne kura." Daga nan aka fitar da shi daga magana. Araha ba ta ado.

Saura biyu. Nan sai maganar wuta ta shigo. Garinsu ba layin kuran. Abin da saurayin ya dogara da shi pano ne na hasken rana, da batir guda. Leza yana dafa garin tona da zafi mai yawa, don haka in yana aiki yakan ja wat 300 zuwa 500, lokacin tashi ma ya fi haka. Ƙaramin batir ba ya ɗaukarsa. Sai an ƙara pano da batir, ko a tayar da gurup a riƙa sayen mai. Mai tanki kuwa wat 12 zuwa 20 ya ishe shi, kamar ƙwan fitila ɗaya ko biyu. Da shagon a cikin birni yake, inda akwai kuran kuma aiki ya yi yawa, da leza ya yi daidai. A ƙauye mai pano, mai tanki ya fi.

Ya sayi mai tanki a kan jika 130. Ya zaɓi wanda ke da gilashi a sama, don shi ne ke yin fotokopi ko ba kwamfuta. Ya ƙaddara shafi 50 a yini, kwana 26 a wata. Shafi 1,300 ke nan, ribar tamma 19,500. In ba a taɓa ribar ba, cikin wata 7 inji ya biya kansa. Amma da kuɗin haya da na gyara, dole lokacin ya ƙaru.

Kafin ya biya, ya bi shawarar mai gyara a kan abu uku. Ya sa aka gwada injin a gabansa, ya ga rubutu ya fito ba tsinkewa. Ya duba bayan injin ya ga an rubuta 220, domin wutar Nijar bolt 220 ce, kuma injin da aka yi don wutar Amurka yana ƙonewa in an jona shi kai tsaye. Ya karɓi takardar saye da ta garanti, ya adana. An nuna masa tsofaffin injuna na hannu da aka kawo daga Turai, masu sauƙin kuɗi. Ya ƙyale su, don wasu ba su karɓar kartush ɗin da ake sayarwa a nan.

Mai tanki ma yana da halinsa. In ya daɗe ba aiki, tawada tana bushewa a bakin da take fita, sai rubutu ya riƙa tsinkewa. Maganin shi ne a buga ko shafi ɗaya mai launi kowane mako. Ƙurar hunturu tana ɓata shi, sai a rufe shi da zane in an tashi aiki. Ba a ajiye shi cikin rana. Ba a barin tanki ya ƙafe. Ba a zuba masa tawadar da ba a san asalinta ba, ko da ta yi araha, don gyaran bakin tawada yana da tsada. Da damina a sa wa mai takarda ita cikin leda, domin ruwa yana iya ɓata rubutun.

Duk wanda zai sayi injin buga takarda, ko mutum ɗaya ne ko koperatif, ya riƙe tambaya huɗu. Nawa ne tawadarsa, shafi nawa take yi? Wace wuta yake buƙata, akwai ta a garin? Ana samun tawadarsa a kasuwa ta kusa? Akwai mai gyaransa? A rubuta amsoshin cikin kaye, a raba kuɗin tawada da yawan shafi, a ƙara kuɗin takarda. In abin da ya fito ya wuce abin da mutane ke biya, a bar injin a shago ko da kyauta aka ba da shi.